Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Lasifika

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Anaca ba, ranar da na tsaya a gaban Hausawan garuruwa uku na ɓaro abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Na san tambayarku ta farko, don haka bari in faro daga yadda aka yi mace ta zama kocin ƙwallon maza. A Fatakwal aka haife ni, a bayan kasuwar Mile 3, ni kaɗai mace a tsakiyar 'yan'uwa maza. Su suka koya mini ƙwallo, kuma ba don ƙauna ba. Gola suke nema, kuma duk unguwar babu wanda zai yarda a yini ana dirka masa ƙwallo a ciki sai ni. Da rikici ya tashi muka gudu Kano, can na yi makarantar horon malamai, na fito malamar motsa jiki. Bayan yaƙin basasa mutanenmu suka fara komowa kudu, kowa yana neman gidansa da rumfarsa, ni ma na komo da aure. Maigidana akawu ne a tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ni kuma na samu aikin koyarwa a wata kwalejin horon malamai ta maza.

Lokacin nan ne kuɗin mai ya ɓalle. Duk namijin da ke da takardar makaranta ya tattara ya nufi kamfanin mai, har da kocin kwalejinmu, wanda ya rataye usur ɗinsa a ƙusa wata safiya ko sallama bai yi ba. Shugaban makarantar, wani dattijo ɗan Kalabari mai saurin magana, ya leƙo ɗakin malamai, ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai takardar motsa jiki ba sai ni. Ya miƙo mini usur ɗin ya ce, "Madam, hold am small till we get man." Wato in ɗan riƙe kafin a samu namiji. (Har na bar aiki ana neman namijin nan.)

Kada ku ɗauka yara aka ba ni. Ƙarti ne masu gemu, waɗanda yaƙi ya katse wa karatu, wasu ma sun girme ni. Ranar farko na fito fili da zanina a kan dogon wando, na ɗaure mayafi a ƙugu, ƙafata cikin kambas. Dariya suka yi har da riƙe ciki. Haushi ya ɗebe ni na shiga raga, na ce wanda ya isa ya zo ya buga. Kyaftin ɗinsu ya ja baya ya sheƙo wata ƙwallo da ko ganinta ban yi ba, ta same ni a goshi ta koma fili. Suka yi tsit, suka ɗauka ƙwarewa ce. Ni kuwa taurari nake gani da rana tsaka, amma ban faɗa wa kowa ba. Daga ranar suka fara jin maganata, ni kuma na kamu da son aikin, kamuwa ba ta wasa ba.

Matsala ɗaya ce ta hana ni sakat, ita ce ɗan wasanmu na gaba. Bahaushe ne haifaffen Fatakwal, dogo siriri, ga gudu ga iya yanka, sai dai Allah Ya zuba masa son a kalle shi. In ya samu ƙwallo sai ya tsaya ya yi mata kwalliya, kamar mai jiran mai hoto. Irin wannan ɗan wasa magani ɗaya gare shi, a riƙa ƙwala masa kira. To ni ba zan iya kiransa ba, domin sunansa sunan mahaifin maigidana.

Ku yaran yanzu za ku ce mene ne a ciki. A tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta furta sunan surukinta, ko yana nan ko ba ya nan, ko da kuwa wani ne daban ke amsa sunan. In ta gamu da mai irin sunan sai ta kewaye. Ko yanzu da zan rubuta shi sai da na ajiye biro na ɗan huta. Sule ne sunan. Allah Ya gafarta mini, Ya kuma jiƙan mai shi.

Sai na raɗa masa Mai Sunan Baba. A gida suna ne mai daɗi, amma a filin ƙwallo bala'i ne. Kafin in gama cewa "Mai Sunan Baba, ba da ita!" an ƙwace ƙwallon, an kai ta gidanmu. Na gwada kiransa Lamba Tara, ya ce shi ba motar haya ba ne. Abokan wasansa 'yan Ibo da 'yan Ijo da farko sun zaci wani laƙabi ne na jarumta. Da ya yi musu bayani suka yi ta mamaki, daga baya abin ya zama wasansu. A atisaye sai wani ya matso da fuskar kirki ya ce, "Madam, who go take corner?" wato wa zai buga kwana, don dai su ji ko zan faɗi sunan. Ban taɓa faɗa ba, kuma har alfahari nake da hakan.

Baba, wato surukina, a Anaca yake. Babban dillalin albasa ne, Bakano, wanda ya komo bayan yaƙi ya tarar da gidansa ba rufi, ya sake tayar da komai da hannunsa. Maganarsa kaɗan ce, kuma in ya yi ta an gama. Mu a dabararmu mun bar shi a kan cewa ina koyarwa a makaranta, wanda ba ƙarya ba ne. Mun manta da direbobin manyan motoci. Duk motar da ta taso daga Mile 3 ta sauka a tashar Upper Iweka ta Anaca, rabin lodinta kaya ne, rabi labari. Ba a daɗe ba aka sanar da Baba cewa ana ganin matar ɗansa a fili da usur a baki, tana bin ƙarti masu gajeren wando da gudu.

Ya aiko mu je. Na durƙusa a bakin zaure, kaina a ƙasa, maigidana yana gefe yana ta murza hula a hannu. Baba bai yi faɗa ba, kuma bai dube ni ba. Da ɗansa ya yi magana.

"An ce 'yar nan ƙwallo take koya wa maza."

"E to, Baba, wato riƙo ne aka ba ta, kafin..."

"Ban tambaye ka tarihi ba. Ni ba na yanke hukunci da bakin direba. Na ji za su zo nan garin su yi wasa. Zan je in gani da idona. In na ga abin da zai zubar da mutuncin gidan nan, ta mayar musu da usur ɗinsu ta zauna a aji kamar kowace malama. In ban gani ba, shi ke nan."

Gaskiya na tsorata. Ina son aikin nan fiye da yadda zan iya faɗa a zauren, kuma na san ko maigidana ya so ya tsaya mini, ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba.

Wasan da Baba yake nufi shi ne na ƙarshe a gasar kwalejoji, mu da wata kwaleji ta Inugu, aka ajiye shi a Anaca don kada a ce an fifita wani. Na shirya ƙungiya, amma na fi shirya kaina. Na sayi sabon mayafi mai kauri, na yi wa kaina alkawarin ba gudu, ba tsalle, ba ɗaga murya. Zan tsaya a bakin layi kamar matar liman. Sai ga shugaban makaranta ya zo da tasa gudummawar. A zamanin nan kowace makaranta sayen kaya take ko ana bukata ko ba a bukata, shi kuma ya sayo wata lasifika ta hannu mai batir, ja, sabuwa fil. Ya ce kocin Inugu yana da irinta, ba za a raina mu ba. Na ga kamar ita ce mafita, in yi magana a hankali cikin natsuwa, ita ta kai saƙo. (Kun ga irin wayon nawa.)

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Ban san yadda labari ya zagaya ba, amma kamar duk Bahaushen da ke kudu ya rufe rumfarsa ya zo kallon matar da ke horar da maza. 'Yan Anaca sun zo, 'yan Fatakwal sun ciko mota, mahauta da masu shanu na Inugu sun zo mara wa garinsu baya. Aka jera wa manya kujeru a inuwa, daidai bayan inda nake tsayawa. Baba ya zauna a tsakiya da babbar riga da carbi. Kusa da shi amininsa ne, Alhaji Mamman, wani dillalin shanu daga Inugu, Bazazzagi, wanda tsokanar Baba ita ce sana'arsa ta biyu. Na je na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, an tambayi gajiya, an tambayi mutanen gida, har alƙalin wasa ya fara duba agogo.

Kafin hutun rabin lokaci na yi abin a yaba. Ina tsaye ƙyam, hannu ɗaya riƙe da mayafi, ɗaya da lasifika, ina magana ɗaya-ɗaya kamar mai karanta labaran rediyo. Babu wanda ya ci wani. Ina jin Alhaji Mamman a bayana yana cewa, "Kanawa ko a ƙwallo ma ciniki suke tsayawa yi." Na saci kallon Baba sau ɗaya, na ga carbin ya daina motsi, ya ɗan turo hula gaba. Ban san ko alamar alheri ce ba.

Da aka dawo wasa ya yi zafi, 'yan Inugu suka matsa mana, golanmu ya yi ta shan wahala. Lokaci ya kusa ƙarewa sai Allah Ya kawo mana dama. Kyaftin ya ɗago wata doguwar ƙwallo ta tsallake 'yan bayansu duka, ta sauka a ƙafar Mai Sunan Baba. Babu kowa tsakaninsa da raga sai gola, golan ma ya zame a laka yana ƙoƙarin tashi. Ko ni da zanina da na ci ta. Sai bawan Allahn nan ya taka ƙwallo, ya tsaya. Ya juya ta da ƙafar hagu. Ya mayar da ita ta dama. Ya ɗago kai ya dubi wajen 'yan kallo, don ya tabbatar ana ganinsa. Ga wani ƙaton ɗan baya ya taho a guje kamar an saki bijimi.

Wallahi na fara daidai. Na ɗaga lasifika na ce, "Mai Sunan..." sai na ga ba lokaci. Daga nan ban san abin da ya hau kaina ba. Na ji dai wata murya ta cika filin nan, ta bugi katanga ta dawo:

"Sule! Kai Sule, shashasha! Buga mana, ragon banza! Uban wa kake jira?"

Na tsaya ina neman marar kunyar da ta yi wannan magana, sai na ga lasifika a bakina take.

Ɓangaren Hausawa ya yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi in kwano ya faɗi a masallaci. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta saki salati. Sauran 'yan kallo, da ba su san dawan garin ba, suka ci gaba da ihunsu. Amma 'yan wasana sun sani. Tun tuni suke haƙon ranar nan, ga ta ta zo. Mai sunan ya saki ƙwallo ya juyo gaba ɗaya, baki buɗe, ya dafa ƙirji.

"Malama, ni? Na me you call?"

Kyaftin ya ɗora hannu a ka. 'Yan bayanmu suka tsaya suna nuna ni suna kallon juna. Har golanmu ya baro raga ya matso don ya ji da kyau. Ƙaton ɗan bayan Inugu, da ba ruwansa da surukin kowa, ya ɗauke ƙwallo a hankali, ya miƙa wa na gabansa, na gaba ya miƙa wa na gaba, suka zura ta a ragar da ba kowa. Ba a jima ba alƙali ya hura tashi. Ɗaya da nema.

Ban juya ba. Ina jin idon dattawan nan a ƙeyata, ina kuma jin Alhaji Mamman yana wata irin dariya har da tari, yana cewa, "Alhaji, ana kira! Ba ka amsa ba!" Na duba ƙasa ko za ta taimaka ta tsage, ta ƙi. Na ja sabon mayafina na rufe har hanci, na ajiye lasifikar a ciyawa kamar ita ta yi laifin. Maigidana kuwa, da na hango shi, ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmi. Takalmin silifa ne.

Bayan la'asar muka tafi gidan Baba, don ba yadda za a yi mu bar garin ba sallama. A hanya na cire usur daga wuyana na riƙe a hannu. Na riga na san hukuncin. Na kira sunan surukina gatsal, a gabansa, a gaban abokansa, na haɗa da shashasha da rago, na kuma tambayi ubansa, sannan aka cinye mu. Ko ni ce alƙali ba zan sassauta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba zan sake tsayawa a bakin layin nan ba, kuma ni na jawo da bakina.

Na durƙusa a bakin zaure, na ajiye usur a gefen tabarma. Na ce, "Baba, na yi kuskure. A yafe mini."

Ya dubi usur ɗin, ya dube ni. Sannan, karo na farko tun da aka kawo ni gidan, ya yi magana da ni kai tsaye.

"'Yar nan, kin san rabon da a kira ni da sunan nan haka tsirara?"

Na girgiza kai.

"Tun rasuwar mahaifiyata. Kowa Alhaji, kowa Baba, kowa Maigida. Ita kaɗai ce in ta aike ni na tsaya wasa a hanya take leƙowa ta kan katanga ta ƙwala shi, da irin muryar nan taki, har da shashashan. Ɗazu da na ji, wallahi saura kaɗan in miƙe in ruga."

Ya yi 'yar dariya, ya sa bakin rigarsa ya goge ido. Ni kuwa hawaye suka ƙwace mini, na kunya da na tausayi a haɗe. Ban taɓa tunanin dattijon nan ya taɓa zama yaron da ake aika ba.

Sai ya gyara zama, murya ta koma ta dillalin albasa.

"Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Yaron nan wa ya raɗa masa sunana? Raga a buɗe, ya tsaya yana rawa! Yanzu Mamman zai koma Inugu ya ce an cinye Sule. Har in mutu ba zai bar ni in sha ruwa ba." Ya sa sandarsa ya turo mini usur ɗin. "Ɗauki abinki. Ba inda za ki sai kun rama."

Maigidana ya buɗe baki zai yi godiya, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Sharaɗi ɗaya. Sunan nan kada ki ƙara. Ba kyau, mutane suna ji. In yaron ya sake tsayawa, ki bar ni da shi."

Na ɗauka magana ce kawai. Ashe da gaske yake. Daga shekarar nan, duk wasan da ya kai wasa, sai Baba ya bar wa yaransa rumfa ya hau motar albasa ya sauka a Fatakwal. A ajiye masa kujera kusa da ni, lasifika a cinyarsa. Ni ina ba sauran umarni da bakina, in Mai Sunan Baba ya fara kwalliyarsa sai in ɗan waiga kawai. Sai ka ga dattijo mai furfura ya miƙe da babbar riga, ya cika fili da murya: "Sule, shashasha! Buga mana!" Da muka sake haɗuwa da Inugu muka rama, biyu da nema, duka biyun da ƙafar mai sunan. Baba da kansa ya bi Alhaji Mamman har bakin mota yana tambayarsa ko yana bukatar ruwa.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin nan bayan haka, na horar da maza iri-iri, kuma ban sake furta sunan ba sai yau da na rubuta muku. Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Duk sabon ɗan wasan da ya zo, kafin in duba ƙafarsa sai na tambayi sunansa. In kuwa ka san akwai abin da bakinka ya daɗe yana riƙewa, to ranar da surukinka yake zaune a bayanka, ko kyauta aka ba ka lasifika kada ka karɓa.